Waiwaye: Aikin da Damina Ta Wuce a Kansa

Takieta gari ne na mararraba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Birnin Ƙonni da Tasawa, ta nan take bi kafin ta ƙarasa Damagaram, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. A nan ne kuma hanyar Matamaye take ɓallewa ta yi kudu, ta tsallake iyaka ta faɗa ƙasar Daura, ta zarce Kano. Tun da aka yanko Takieta daga Mirya a 2011 aka mai da ita gunduma, ginin siminti da rufin kwano suka fara korar ginin ƙasa, shaguna suka jeru a bakin kwalta, kowanne da lambar waya a rubuce a ƙofa: mai walda, tela, mai gyaran salula, mai haɗa sola.

Akwai abin da mai wucewa a mota ba zai lura da shi ba. Da yawa daga cikin gidajen da ake ɗorawa a wannan yanki, masu su ba sa gari. Wani yana Kano ko Legas, wani Agadas, wani ya haura Libiya ko Aljeriya, wani kuwa tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014 zuwa gida ya zame masa sai da salla. Kuɗi yake turowa ta Nita ko Al Izza, a karɓa a miƙa wa magini, shi yana can yana jiran labari. Wannan ya sauya zaman masu cin gashin kansu ƙwarai, ina nufin mutanen da ba su da albashi ba su da ubangida, aiki ya zo su yi, a sallame su, su jira na gaba. Magini da mai haƙa rijiya suna cikinsu, haka saurayin da ya gama jami'a yana zana tallar shaguna a kwamfuta. Duka matsalarsu ɗaya ce: yaya za a yi mutumin da bai taɓa ganinka ba, ba kuma zai ga aikin ba sai bayan ya biya, ya saki jiki ya ba ka guminsa?

A da wannan tambaya ba ta da nauyi haka. Wanda ya taɓa yawo a unguwar Zango ta Damagaram ya san gidajen attajiran nan masu zanko a sama da zane a fuska. Maginin da ya yi irin wannan gida ba ya buƙatar ya buɗe baki. Aikinsa yana tsaye a bakin hanya, mai so ya zo ya duba yaɓe, ya ɗaga kai ya ga azara, ya tambayi mai gidan ko soron yana yoyo. Ruwan sama kuwa yana yi wa kowane magini jarrabawa sau ɗaya a shekara, a gaban kowa. Tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, sai a ruwan Satumba na 2024 ya faɗi, bayan ya haura shekara 150 a tsaye. Mun yi baƙin cikin rushewarsa, amma waɗanda suka ɗora shi ba su da abin jin kunya.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da garu ya kuma rasu a 1884, har igwa maƙera suke zubawa a cikin Damagaram. Maƙerin igwa ba shi da wurin ɓuya a bayan daɗin baki, domin ranar da aka cusa mata albarushi kowa zai san abin da ya ƙera. Can ƙasar Tawa kuma, a ƙauyen Yama, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa gyara da hasumiyoyi har shekarun 1980, a 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini. Ginin ne ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta kai shi ba.

To, idan ciniki ya haɗa mutanen da ba gari ɗaya suke ba fa? Nan ma magabata ba su yi cinikin biri a sama ba. Sun ƙirƙiro mai gida da dillali. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 yana bayyana yadda abin yake tafiya a cinikin shanu: mai shanu ya zo daga arewa bai san mahautan garin ba, sai ya sauka a wurin mai gida, dillalan mai gida su sayar da shanun bashi, mai gida kuma ya tsaya a kan cewa kuɗin zai fito. Baƙo bai yarda da mahauci ba, ya yarda da wanda ya san mahaucin, wanda kuma zai yi asarar sunansa da sana'arsa in kuɗi ya maƙale. Abin lura a nan shi ne, a kullum akwai mutum mai fuska da adireshi da za a iya kamawa.

Yau waya ta shiga tsakani, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa hoto ya maye gurbin duk wannan. Buɗe WhatsApp ɗin kowane tela ko mai walda, za ka ga jerin hotuna. Wasu nasa ne. Wasu kuwa daga Facebook ya kwaso su, ko daga wayar abokin sana'a. Ba na cewa duk mai yin haka ɓarawo ne, sau da yawa yana nufin "irin wannan zan iya yi maka". Amma mai kallo yana fahimtar "ni na yi wannan", kuma shi mai sana'ar ya san haka ake fahimta, ya yi shiru.

Wani ɗan ƙanwata da ke aiki a Libiya ya tashi gina ɗaki biyu da shago a filin da ya saya. Aka haɗa shi da magina biyu. Na farko ya cika masa waya da hotunan manyan gidaje masu bene, da ciyawa kore shar a tsakar gida, da wasu itatuwa da ba a taɓa ganin irinsu tsakanin Tirmini da Kance ba. Na biyu ɗan bidiyo guda ya tura, hannu na rawa, rana na dukan gilashin waya. Gida ne madaidaici wanda fentinsa ya fara koɗewa. Ya zagaya da wayar ya nuna gindin bango, ya nuna inda ruwan indararo yake sauka, ya shiga ɗaki ya ɗaga ta sama don a ga ba tabon yoyo. Sannan ya ce, "Wannan na gina shi shekara uku da suka wuce. Ga mai shi nan, ku gaisa."

Yaron ya kira ni ya ce, "Kawu, don Allah in ka samu sarari ka leƙa mini gidan nan." Na je. Dattijon da ke da gidan ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, yana da jan ƙafa. Ya ce wata biyu, sai da ya ci uku. Amma buhun siminti ɗaya bai ɓace a hannunsa ba." Ya tashi ya nuna mini wani wuri a bangon gabas inda aka sake shafe. Ya ce a damina ta farko ya tsage, ya aika aka kira maginin, ya zo ya gyara bai karɓi ko dala ba. Da na mayar wa ɗan ƙanwata da wannan bayani, jan ƙafar bai dame shi ba ko kaɗan. Mutumin da ke bayan hamada ba sauri yake nema ba, abin da ke hana shi barci shi ne kada a ce masa an sayi buhu talatin alhali ashirin aka saya. A makon ya tura kafin alƙalami.

Na daɗe ina juya dalilin da ya sa bidiyon nan marar kyan gani ya fi hotuna masu ƙyalli aiki. Abin da na tsaya a kai shi ne, hoton ranar gama aiki ba ya shaidar komai sai cewa an gama. Kowane gini yana da kyau ranar da aka cire katakon linta aka share harabar. Kowace riga tana da kyau kafin a kai ta wanki. Mai biya yana son ya san yadda abin zai kasance bayan an yi amfani da shi, kuma wannan ba ya fitowa sai a tsohon aiki. Mai sana'ar da yake da wayo, gidan da ya gina bara da bara waccan zai koma ya ɗauka, a cikin Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. Yawancinsu kuwa ba sa komawa. Da an sallame su sun juya baya ke nan, alhali jarinsu mafi tsada yana can tsaye a unguwar da suka baro.

Masu haƙa rijiya sun fi kowa sanin wannan, ko da yake ba duka suke aiki da shi ba. Ƙasar Damagaram a kan dutse take zaune a wurare da yawa, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Rijiyar da aka gama da kaka, lokacin da ƙasa take ƙoshe, za ta ba da ruwa ko wa ya haƙa ta. A Afrilu da Mayu ake sanin gaskiyarta. Idan mai haƙa ya ce maka "je ka ƙauye kaza, rijiyar da ke gabas da masallaci tawa ce, gaba kaza ce, ka tambayi mata masu ɗiba ko tana ƙafewa da bazara", to ya ba ka abin da za ka riƙe. Na fi ma yarda da wanda zai ƙara da cewa akwai inda ya haƙa ya ci karo da dutse ya haƙura, ya faɗi yadda suka rabu da mai aikin a kan kuɗi. A ƙasa irin tamu, wanda ya ce bai taɓa faɗuwa ba, ko dai sabon shiga ne ko kuwa akwai abin da ya binne.

Haka zancen yake a kan sola. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar har zuwa Maris 2024, mutane suka ruga neman faifan rana, masu haɗawa kuma suka yawaita, gwani da ɗan koyo duk suna amsa suna ɗaya. Hoton faifai a kan rufi da fitila tana ci da tsakar rana ba ya nuna gwaninta, ai rana ce take aikinta. Tambayar ita ce, fankar tana juyawa har asuba? Batirin yana riƙe wuta bayan shekara? An gaya wa mai gida ya riƙa goge ƙurar hunturu daga kan faifan, an kuma lissafa masa abin da zai iya kunnawa da abin da ba zai iya ba? Mai haɗawar da zai kai ka wurin mai shagon ƙanƙara ya ce "Alhaji, gaya masa tun yaushe na ɗaura maka", ya gama talla.

Akwai darasi a gonakin da ke kudu da mu. Manoman Matamaye da Magarya da Mirya sun shafe shekaru suna barin tsiron gawo da sauran itatuwa suna girma a cikin gona maimakon sassabe su. Sun san abin da suka yi, amma duniya ba ta gaskata ba sai da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka ɗauko hotunan sama na 1975 suka jera su da na bayan shekara ta 2000, wuri ɗaya, lokaci biyu. Daga nan aka fara maganar kadada miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Dabarar ba ta fi ƙarfin mai ƙaramar waya ba. Ka tsaya a wuri ɗaya kafin ka fara aiki, ka sake tsayawa a wurin bayan ka gama, ka bar wani abu da ba ya motsi ya fito a duka biyun, bishiya ce ko ƙofar maƙwabci. Irin wannan hoto da wuya a sato shi daga intanet.

Samarin da suka fito daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sauran makarantu suna da tasu irin matsalar. Wanda yake fassara daga Faransanci zuwa Hausa, ko zanen talla, ko tattara bayanai a ƙauyuka wa ƙungiyoyi, in ka ce ya nuna maka aikinsa sai ya zaro takardun makaranta a cikin leda. Takardar makaranta tana cewa ka yi karatu. Ba ta cewa an ba ka aiki ranar Litinin ka kawo ranar Alhamis kamar yadda ka yi alkawari. Manyan kasuwannin aiki na intanet irin su Upwork da Fiverr sun gane haka, shi ya sa suka ɗora tsarinsu a kan taurari da ra'ayin wanda ya biya, wato dai aikin mai gida da dillali suka mai da na na'ura. Wanda ba ya cikin waɗannan kasuwanni yana iya yi wa kansa. In ka zana allon shago, ɗauki allon a rataye a kan shagon da mutane suna shiga, ba yadda yake a fuskar kwamfuta ba. In ka gama aiki da wani ofishi, kada ka bar wurin sai ka nemi takardar shaidar kammala aiki mai sa hannu da hatimi, domin irinta ake tambaya idan ana neman kwangila, kuma bayan shekara biyu wanda ya san ka a ofishin wataƙila an yi masa canji. In mai shago ya ce maka ciniki ya ƙaru, roƙe shi ya faɗa da bakinsa a saƙon murya. Kada kai ka ƙirƙiro masa lissafi. Yabon kai jahilci ne, ƙarin gishiri a lissafi kuma ranar da aka bincika shi ne ƙarshen sana'a.

Za a ce, to sabon shiga fa, wanda ba shi da tsohon aiki ko ɗaya? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsar da ake yawan bayarwa, cewa ya yi ta aiki kyauta har a san shi, ban gamsu da ita ba. Aikin kyauta da ya yi yawa raini yake jawowa, kuma wanda bai biya ba ba ya zama shaida mai ƙarfi, don kowa ya san ba zai kushe abin da aka ba shi a banza ba. Hanyar da ta fi ita ce tsohuwar: ɗan koyo ya fita da sunan wanda ya koya masa. Ubangida ya ce "yarona ne, ba shi katangar, in ta karkace ni za ka nema". In babu irin wannan ubangida, sai a rage wa mai biya abin da zai iya asara. Karɓi ƙaramin aiki. Raba kuɗin gida-gida: na tushe, na ɗora bango zuwa linta, na rufi, kowane mataki sai an gani an yarda kafin a saki na gaba. Ajiye takardun sayen siminti da rodi, ɗauki hotonsu ka tura tun ba a tambaya ba. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, shi zai ba abokan zamansa na ɗaki a Sabha ko Tamanrasat lambarka, kuma a can maganar mutum ɗaya tana iya kawo gida biyar, tunda yawanci 'yan gari ɗaya ne suke zama tare.

Mu masu ba da aiki ma muna da laifinmu. Mukan bi mai araha da mai daɗin baki, mu ƙi ɗaukar kabu-kabu mu je ƙauyen da ke kusa mu gani da ido, sannan in abu ya lalace mu ce masu sana'a ba su da amana. Kuma idan wani ya yi mana aiki mai kyau, mukan yi shiru. In ya ɓata kuwa, kafin magariba kasuwa ta ji.

Saura wani abu guda da masu ɗaukar hoto suke yawan takawa. Ba kowa ke son a nuna gidansa ba. Wani yana gudun baki, wani yana gudun 'yan'uwa su ga ya yi gini su taso da buƙatu, wani kuma akwai iyali a ciki, bai ga dalilin da tsakar gidansa za ta yi yawo a wayoyin mutane ba. Telar mata da ta saka hoton amarya a WhatsApp ba da izini ba tana iya rasa dangin gaba ɗaya a rana guda. Wanda ya tattara bayanan magidanta a ƙauye kuma ba shi da ikon nuna sunayensu don ya burge mai aiki na gaba. Sai a tambaya tun ranar da ake ƙulla ciniki, ba ranar da ake neman sabon aiki ba: "Alhaji, in an gama ka yarda in ɗauki waje, ban da ciki?" In ya ƙi hoto, a roƙi abin da ya fi sauƙi, wato ya yarda a ba da lambarsa ga mutum ɗaya ko biyu da suke son tambaya. Da yawa waɗanda suke ƙin hoto ba sa ƙin amsa waya. Telar kuma tana iya rataye rigar a jikin ƙofa ta ɗauka kafin mai ita ta zo karɓa.